Zuwa ga Auta, kan maganar kwamfuta

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baba da Inna da dukkan mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi, sai dai kewarku. Saƙon muryar da kika aiko na saurare shi har sau uku, musamman inda Inna ta karɓi wayar tana sa miki albarka. Allah ya sa ki fara wannan karatu a sa'a, ki gama lafiya.

Na zaɓi in rubuta miki maganar kwamfutar a takarda ne domin ki karanta wa Baba a tsanake, kuma ki riƙe ta a hannu ranar da za ku je saye. In na faɗa a waya, rabinta zai bi iska kafin ku isa.

Hoton kwamfutar da kika turo na gani. Kyakkyawa ce, siririya, sabuwa fil a kwalinta, kuma na san abin da ya ja hankalinki. Amma don Allah kada ku saye ta. Na karanta rubutun da ke jikin kwalin: RAM ɗinta gigabait 4 ne, ma'ajinta gigabait 64, irin wanda ake kira eMMC. Irinta sak na saya a shekarata ta farko a nan, da kuɗin da na yi watanni ina tarawa. Kafin in gama zango ɗaya, Windows da sabuntawarta sun cinye ma'ajin, na koma kullum ina goge wani abu don in ajiye wani. In na buɗe littafi guda da shafin intanet uku, sai ta tsaya cak, malami yana ta bayani ni kuwa ina kallon allo. Da na kai ta wurin mai gyara don a ƙara mata RAM, ya ce an manne shi ne a jikin allon ciki, ba ya fita, ba a ƙara masa. Har yau in na tuna darussan da suka wuce ni a watannin nan sai raina ya sosu, kuma ba na so ki sha irin wannan.

Ki ɗauki RAM kamar faɗin teburin karatunki. In teburin ƙarami ne, duk littafin da za ki buɗe sai kin rufe wani. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ki karɓa, in kuma akwai gurbin ƙari zuwa 16 nan gaba, to madalla. Ma'ajin kuwa ya zama SSD, wato irin mai sauri wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, gigabait 256 ko sama. Mai sayarwa zai iya nuna miki wata mai gigabait 500 ko 1000 ya ce ta fi girma. Ki tambaye shi ko SSD ce ko HDD. Ita HDD faifai ne mai juyawa a ciki, tana da nawa wajen tashi, kuma in jaka ta faɗi tana iya tafiya da duk rubutunki.

Abin da nake ba ki shawara, na san Baba zai ɗan yi jim in ya ji, shi ne ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita. Ba kowace ta hannu ba, irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis, kamfanoni suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu suka sallame su. Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5, duk 'yan wajen 2018 ne. An yi su ne don a riƙa buɗewa da rufewa kullum, madannansu na da daɗin rubutu, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. Ki gaya wa Baba cewa wadda nake rubuta wannan takarda da ita ma ta hannu ce, kuma da ita na rubuta kundin kammala karatuna.

Akwai dalilin da ya sa na tsaya a 2018, kuma nan ne aka fi cutar masu saye. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) ta kamfanin Intel ta tsara ta takwas zuwa sama, sai 'yan ƙalilan da aka keɓe. Gane tsarar ba wuya. In kika ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce tsarar. In kika ga 6 ko 7 a wurin, ki bar ta. Kada sunan i7 ya ruɗe ki. Ita i7-7500U cibiyoyin aiki biyu gare ta, alhali i5-8250U tana da huɗu, don haka ƙaramar a suna ta fi babbar aiki. Masu sayarwa sun san mutane na jin i7 sai su miƙa kuɗi.

Sai batir, wanda shi ne raunin duk wata ta hannu. Ba kowace kujera a ɗakin lacca ke kusa da soket ba, kuma kwamfutar da sai an jona ta take rayuwa ba ta ɗalibi ba ce. Kada ki tsaya ga bakin mai kaya. Ki buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin tun yana sabo da ƙarfin da ya rage masa yanzu. In abin da ya rage bai kai kashi 70 cikin 100 ba, to ko ya sa sabon batir, ko ya rage kuɗin, ko ku wuce gaba.

Kafin Baba ya biya, ki zauna da ita ko da rabin awa ne. Ki danna kowane harafi, ki gwada kyamara da lasifika da kowace ƙofar USB, ki jona ta da Wi-Fi, ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai tabo a allon. Ki sa a shiga BIOS a gabanki, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, don wasu na zuwa da kalmar sirrin tsohon kamfaninsu a kulle. A ba ku cajarta ta asali, a kuma rubuta muku a rasit kwana nawa za a iya dawo da ita in ta ba da matsala. Girman allo inci 14 ya isa, mai ƙwayoyin hoto 1920 da 1080. Mai inci 15.6 tana da daɗin kallo, amma ke ce za ki yi ta yawo da ita a kafaɗa daga safe har yamma.

Kin tambaye ni game da Chromebook, wato kwamfutar da ke aiki da tsarin Google maimakon Windows. Tana da sauƙi, batirinta na daɗewa, amma yawancin aikinta ya dogara ne da intanet, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows. Tunda ba ki san abin da malamai za su ce ki ɗora a shekara ta biyu ko ta uku ba, ki bar ta. Kada kuma ki biya kowa kuɗin saka miki manhajar rubutu ta sata. LibreOffice kyauta ce, OneNote ma kyauta ce don tsara bayanan lacca, kuma jami'o'i da dama na bai wa ɗalibansu Microsoft 365 ta imel ɗin makaranta. Ki tambaya da zarar kin gama rajista.

In kwamfutar ta zo hannunki, kada ki ɗora ta kan katifa ko filo tana kunne, domin ƙofofin iskarta a ƙasa da gefe suke, zafi kuma shi ke kashe batir. Duk ƙarshen mako ki kwafe rubutunki a filashi, ki kuma tura shi Google Drive, suna ba da gigabait 15 kyauta. Biro da littafi kuma kada su bar jakarki. Lissafi da zane hannu ya fi saurin kama su, in kin dawo ɗaki sai ki juye su a kwamfuta, juyewar ma bita ce.

Zan turo tawa gudummawar ta hannun Yaya a ƙarshen wata, in Allah ya yarda. Ranar da kuka je, ki ɗauki hoton lambar firosesa da rahoton batirin ki turo mini kafin a biya. Ko barci nake ki kira, zan tashi.

Ki gaida Baba da kyau, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gaida Inna, ki tambaye ta ya ƙafar tata. Ki gaida Yaya da yaransa.

Wassalam,
Yayanki.