Godiya ga cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa zuwa ga malamai da ma'aikatan cibiyar BioRTC, mai bincike da horarwa kan kimiyyar halittu da lafiya, da ke Damaturu ce, da Dakta Mahmoud Bukar Maina wanda ya jagoranci kafa ta a 2021. Na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, domin a wajenku na fara ganin ƙwayar jijiya da idona, ba zanen alli a allo ba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne yadda ƙwayar jijiya ke raba kayanta tun tana girma. Yawancin furotin a jikin ƙwayar ake haɗa su, amma dogon reshenta, wato akson, wanda ya taso daga laka zuwa babban yatsan ƙafa yakan kai mita 1. To wa zai kai kayan can? Wani furotin mai suna kainesin ne, kamar ɗan dako, yake ɗaukar ƙunshi yana bin siraran hanyoyin maikurotubul zuwa ƙarshen reshe, wani furotin mai suna dainin kuma ya dawo da wasu kayan baya. Dako mai sauri yakan ci kusan milimita 400 a yini, mai nawa kuwa 'yan milimita kaɗan. A jijiyar wata dabbar teku, sikwid, masu bincike Vale da Reese da Sheetz suka gano kainesin a 1985.

Kuma kaya ba sa tafiya barkatai. A gindin akson akwai shinge mai tantance abin da zai wuce. Da aka rina ƙwayoyin aka sa a maikiroskof, sai ga furotin tau ya mamaye akson, furotin MAP2 kuma ya tsaya a gajerun rassa, kowanne da launinsa. Wallahi na daɗe ban ɗaga ido ba, ma'aikacin da ke kula da na'urar kuma bai ƙosa da ni ba, sai ma ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake daidaita hoton a hankali.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Ƙwayar cutar haukan kare wannan hanya ta dawowa take bi daga wurin cizo har ƙwaƙwalwa, tau kuma shi ne yake cukurkuɗewa a cutar mantuwa ta Alzheimer.

Roƙona shi ne ku ƙara wa ɗalibai gurabe a horonku, musamman na jihohin maƙwabta. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Ɗalibinku daga sashen nazarin halittu.