Rahoton Ayyukan Shekara: Noman Hunturu da Gidan Raga

Assalamu alaikum shugabanni, dattawa da sauran 'yan ƙungiya.

Aikin hunturu ya fara ne tun ba a gama kwashe shinkafa ba. An yi gayya an yashe magudanan da ke kawo mana ruwan madatsar Tiga, an gyara injinan ban ruwa, an kai takin gargajiya gonaki. Masu alkama sun shuka tsakanin Nuwamba da farkon Disamba don ta samu sanyi. Masu albasa, kabeji da karas ba su kawo wani koke ba, alhamdulillahi.

Babban aikin bana shi ne gidan ragar da muka haɗa kuɗi muka gina, rufinsa leda, gefensa raga. Wasu dattawa sun tambaya, kuma tambayarsu tana kan hanya: a ƙasashen Turai sanyi ake tsare wa shuka da irin wannan gida, mu da tumatirinmu yake son sanyi me za mu yi da shi? Ai mu matsalarmu bayan hunturu take. Kowa ya san yadda farashin kwandon tumatir ke faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan a Fabrairu da Maris, lokacin da kowa ya ɗebo a tare. Daga Afrilu kuma zafi ya kan kakkaɓe fure, sai damina ta zo da cutar ganye. A watannin da tumatir yake da daraja, mu ba mu da ko ɗaya. Wannan giɓin muke son cikewa.

Mun fara da renon iri a cikin tire. Cikin mako uku zuwa huɗu ya isa dashe, saiwarsa ba ta tsinke ba, kuma farin ƙudan da ke yaɗa cutar nannaɗe ganye bai taɓa shi ba. Waɗanda suka karɓi dashen farko sun riga kasuwa cika. A ganina wannan kaɗai ya biya wahalar.

Sai maganar sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da Jigawa a 2016. Raga tana tare malam-buɗe-littafinta, amma fa sai in ƙofa a rufe take. Shi ya sa muka yi ƙofa biyu, muka rataya tarkon ƙamshi ciki da waje, muka kuma hana shiga da dashe daga wata gona. Muna roƙon 'yan'uwa kada su ji haushin wannan doka.

Ƙurar hunturu ta ba mu aiki. Tana kwanciya a kan leda ta rage haske, tana toshe idon raga iska ta kasa ratsawa, don haka matasanmu suka riƙa wankewa bi da bi. Allah Ya saka musu da alheri. Da bazara ta kama, cikin gidan ya yi zafi fiye da waje, sai da aka ɗora ragar inuwa aka mayar da ban ruwa safe da yamma.

A shekara mai zuwa kwamiti yana so a gwada tattasai da kokwamba a cikin damina, a kuma sa bututun ban ruwa na ɗigo. Mai son dashen kaka mai zuwa ya ba da sunansa wurin ma'aji kafin taro na gaba, tare da kuɗin wata ga wanda ake bi.

Wassalam.
Sakatare