Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Zaɓe na Jihar Legas kan ikon shugaban rumfar zaɓe

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a matsayina na mazaunin Agege wanda a nan ya yi rajista kuma a nan yake kaɗa ƙuri'a. Maganata kan mutum ɗaya ce, wato shugaban rumfar zaɓe, wanda doka ta ɗora wa alhakin tabbatar da tsari a ranar zaɓe, amma sau da yawa shi ne mafi rauni a wurin.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka gudanar da zaɓukan 2023, ba ta yi rowar iko ga wannan jami'i ba. Sashe na 58 ya ba shi damar tantance wanda zai shiga rumfa, ya hana duk wanda ba mai zaɓe ba ne, ba ɗan takara ba, ba wakilin jam'iyya ko ɗan sa-ido mai izini ba, kuma ya ba da umarnin a fitar da duk wanda ya ta da hankali ko ya ƙi bin umarnin da ke bisa doka. Wanda aka fitar ba zai sake shiga a ranar ba sai da yardarsa. Sashe na 126 kuma ya haramta yaƙin neman zaɓe, da kirarin jam'iyya, da riƙe makami, da zaman banza ba dalili a cikin tazarar mita 300 daga rumfa.

Wannan a takarda ke nan. A ranar 18 ga Maris, 2023, ranar zaɓen gwamna, na tsaya a layi tun da hantsi, kuma shugabar rumfarmu yarinya ce mai yi wa ƙasa hidima, sa'ar 'yata. Tana riƙe da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, a hannu ɗaya, tana danne takardu da dutse saboda iska, sai wasu samari suka zo suka tsaya daf da inda ake dangwala ƙuri'a, suna leƙen babban yatsan kowa. Ta ce su matsa, suka yi dariya. Ta waiwayi ɗan sandan da ke zaune a inuwa, wanda kamar yadda aka saba ba ya ɗauke da bindiga, shi ma ya dube ta, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Wani dattijo mai sayar da goro da ke gabana ya mayar da katinsa aljihu, ya ce, "Malam, ƙuri'a ɗaya ba ta kai ciwon kai ba," ya tafi. Ban ga laifinsa ba, amma tafiyarsa ta dame ni fiye da dariyar samarin.

A 2023 Legas na da rumfunan zaɓe 13,325 da masu rajista sama da miliyan bakwai, amma waɗanda suka fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Dalilan suna da yawa, sai dai duk mai zama cikin Hausawan Mile 12 ko Idi-Araba ko Alaba Rago ya san cewa tsoron hatsaniya na cikinsu, musamman ga mutumin da dukiyarsa ke shimfiɗe a kasuwa kuma yake jin ana kiransa baƙo.

Saboda haka ina roƙon hukumarka ta zauna da rundunar 'yan sanda kafin zaɓe na gaba, a faɗa wa malaman zaɓe da jami'an tsaro a zaure ɗaya, gaba da gaba, cewa umarnin shugaban rumfa abin zartarwa ne nan take. A ba kowane shugaba lambar wayar da za a ɗauka idan ya kira, domin ikon da ba mai mara masa baya jefa yaran mutane cikin haɗari kawai yake yi. A kuma karanta waɗannan ƙa'idoji da ƙarfi kafin a buɗe akwati, da Yarabanci da Hausa da Turancin Buroka, ba a liƙa su a bango da Turanci kaɗai ba. Fadar Sarkin Hausawa da limaman Juma'a za su isar da saƙon inda sanarwar jarida ba ta kai.

Akwai kuma iyakar da nake so a nanata a horon, don wuƙa ce mai kaifi biyu. Sashen na 58 da kansa ya ce ba za a yi amfani da korar mutum don a hana mai haƙƙin zaɓe kaɗa ƙuri'arsa ba. Mutanenmu da dama Turancinsu bai nuna ba, kuma wanda na'ura ta ƙi karɓar yatsansa yakan ɗaga murya don ruɗewa, ba don neman fitina ba. Irin wannan a zaunar da shi a gefe, a samo mai fassara daga cikin layi, a sake gwada shi da hoton fuska, sannan a rubuta abin da ya faru a rahoton rumfa.

Naka,
Wani mai kaɗa ƙuri'a daga Agege, Legas