Abin da ban taɓa gaya maka ba

Sakkwato, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Kumasi? Mu nan hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari.

Ka tambaye ni a waya me ya sa nake tashi daga majalisa duk lokacin da aka ɗauko hirar yaƙin basasa. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san Inna Ibo ce. Baba ya rasu, sai ga kashe-kashen 1966, ta kwashe ni da ƙanwata a mota zuwa Gusau, daga can jirgin ƙasa, har muka kai ƙauyensu kusa da Orlu. Shekarata tara.

Farkon abin da ta hana ni shi ne Hausa. Ta ce ko tuntuɓe na yi kada in ce "wayyo". Da dare tana kwana da tafinta kusa da bakina, don ina magana cikin barci. Sallah kuwa sai a bayan ɗaki, cikin raɗa.

Da Fatakwal ta faɗi a watan Mayun 1968, yunwa ta shigo da gaske. Mun ci ganyen rogo, mun ci ƙadangare da ɓera. Amma gishiri ya fi komai wuya. Inna na ƙulle ɗan kaɗan a haɓar zaninta, da safe ta dangwala da yatsa ta sa mana a harshe. Cikin dare muna jin jiragen agaji suna sauka a Uli a cikin duhu, da busasshen kifi da madarar gari, abin da ke isowa gare mu bai cika tafi ba. Gashin ƙanwata ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka. A 1969 muka binne ta a gindin kwakwar manja. Har yau ba na iya kallon gishirin da ya zube ƙasa, sai na duƙa na tsince.

A Janairun 1970 Ojukwu, shugaban Biyafara, ya fice zuwa Kodebuwa, mataimakinsa Effiong ya miƙa wuya. Sojojin tarayya suka shigo, kowa ya ɓuya. Ina leƙe ta katanga na ji wani soja yana cewa ɗan'uwansa, "Miƙo man ruwan ga." Sakkwatanci tsantsa! Ban san lokacin da na fito ba. Ya dube ni, ƙashi da fata, ya ce, "Yaro, mi as sunanka?" Na buɗe baki, shekara uku ban yi Hausa da ƙarfi ba, sai kuka. Ya kwance jakarsa ya ba ni biskit, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Muka dawo da fam 20 da banki ya ba Inna a madadin duk kuɗin Biyafara da ta kai. Gari na murnar nasara, ni ina tunanin gindin kwakwar nan. Yara suna tsokanata da sunan da ka sani, kai kuwa ka matsa mini a buzunka a makarantar allo, ba ka tambaye ni komai ba.

Ka gaida Hajiya da jikoki. Ka sa ƙanwata a addu'a.

Naka,
Amininka