Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa: A Riƙa Binciken Motar Ita Ma

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Allah ya taya riƙo.

Duk lokacin da haɗari ya auku, kafin a gama wanke jini daga kwalta mun riga mun san abin da kakakin hukumarka zai faɗa: gudun wuce sa'a, ko mota ta ƙwace wa direba, ko taya ta fashe, ko birki ya tsinke. Daga nan sai a ja gawar motar gefen hanya, 'yan gwangwan su zo su yanka ta. Alƙaluman hukumarka sun nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a hanyoyinmu kowace shekara. A cikin motocin da suka kashe su, guda nawa aka buɗe bonet aka duba me ya sa ta ƙwace? Direban da ake ɗora wa laifi sau da yawa yana cikin waɗanda aka binne, ba shi da bakin kare kansa.

Ka san labarin Chevrolet, amma zan tuna maka. A motocin Chevrolet da kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera daga 1965 zuwa 1969, robar da ke riƙe inji a jikin mota, wadda makanikanmu ke kira injin sit, takan rabu da ƙarfenta. Idan direba ya taka totur, sai injin ya ɗaga ta gefe ɗaya, ya ja sandar totur ya buɗe ta, ƙarfin injin ya ƙaru, ya ƙara ɗagawa. Mota ta zabura da kanta. Wani lokaci har tiyon da ke ba birki ƙarfi yakan ciro, direba ya danne birki ya ji shi kamar dutse. Duk wanda ya zo wurin bayan haɗarin cewa zai yi gudu ne ya kashe su. Koke-koken masu motoci ne suka taru a hannun hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, ta bi diddigi, masu fafutuka irin su Ralph Nader suka matsa lamba, ta fitar da gargaɗi ga jama'a a 1971. A Disambar wannan shekara kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 6.7 domin gyara. Gyaran ma na tsumulmula ne, igiyar ƙarfe aka ɗaura ta hana injin ɗagawa maimakon a canza robar, amma an yi shi, domin akwai ofishin da ya tattara ƙorafe-ƙorafe har ya gane cewa cuta ɗaya ce ke maimaita kanta.

Mu ina namu ofishin? Yallaɓai, ka aika jami'inka kowace tashar mota da sassafe ya tsaya kusa da motar haya lokacin da direba zai sa giya. Zai ji ƙarar "gaf", ya ga mota ta girgiza. In an ɗaga bonet zai tarar da robar ta tsage, an cusa guntun tsohuwar taya a ƙarƙashi, an ɗaure da waya. Wanda ya yi ƙoƙari ya sayi sabuwa kuma, sau da yawa jabu yake samu, wadda zafi ke cinyewa cikin ɗan lokaci. Gaskiya ne motocin yanzu an gyara ƙirarsu, totur ɗinsu ba ya buɗewa irin na waccan Chevrolet. Amma injin da ke rawa yana tsinka tiyo da wayoyi, yana wahalar da shaf, kuma mota ce da aka danƙara wa mutane da buhuna za ta hau hanyar Kano zuwa Maiduguri. Takardar shaidar lafiyar mota tana nan a aljihun direban, da hatimi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin da wasu suka riga suka yi mana, muka ƙi ɗauka. Da yawan motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano daga Amurka suke. Kowace tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kuma hukumar Amurka tana da shafin intanet na kyauta inda za ka saka lambar ka ga ko an kira motar gyara ba a kai ta ba. Tun 2022 hukumar Kwastam take amfani da wannan lamba wajen yanka kuɗin fito. Hukumarka ma tana da ita a rajistar lambar mota. Lambar da ta isa a karɓi kuɗi da ita ta isa a ceci rai da ita. Jakar iska (mai kumbura ta kare direba lokacin haɗari) ta kamfanin Takata, wadda aka kira kusan miliyan 67 a Amurka saboda tana fashewa ta watsa wa direba guntayen ƙarfe, zafi da danshi ne ke lalata sinadarinta. Tsofaffin Honda Accord da Civic da Toyota Corolla na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma su ne cike da titunanmu, a ƙasar da ba ta rasa zafi. Masu su da yawa ba su taɓa jin labarin ba.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage mace-macen hanya da rabi kafin 2030. A 2017 kun tilasta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. Ina roƙonka don Allah, irin wannan himma a juya ta ga lafiyar motar kanta. Na san akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, akwai VIO na jihohi masu duba lafiyar mota, kowa zai ce ba hurumina ba ne. Amma jami'anka ne ke fara isa wurin haɗari, su ke ɗaukar gawa, su ke ganin motar kafin kowa ya taɓa ta.

Ka kafa sashen injiniyoyi da zai binciki duk motar da ta yi sanadin rasa rai kafin a sake ta, a rubuta ƙirarta da shekararta da abin da ya karye, a buga sakamakon kowa ya gani. Ka buɗe layin da direba ko makaniki zai kai ƙorafi da Hausa. Sannan ka zauna da Kwastam a sa duba lambar shasi cikin sharuɗɗan rajista, a kuma nemi wakilan kamfanonin motoci da ke ƙasar nan su faɗa a fili ko za su gyara motocin da aka kira.

Na gode. Wassalam.