Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Lambun Gida, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyaye mata da malamai.

Bana mun karkata ne ga abu ɗaya: samar wa ƙudan zuma, rakuwa da malam-buɗe-littafi furen da za su sha a cikin gidajenmu. Mun fara da taron 20 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙudan zuma, wadda ta zo daidai da faɗuwar damina a nan Zazzau. A ranar aka raba irin rama, yakuwa, riɗi, karkashi, ɗoɗɗoya da kabewa ga mambobin Samaru, Tudun Wada, Sabon Gari da cikin birni.

Da gangan muka zaɓi waɗannan. Ƙwarin ƙasarmu sun san su, ba sa cin ruwa kamar furannin ado na waje, kuma tukunyar miya ma ta samu. Roƙonmu kawai shi ne a bar 'yan tushe su yi fure, kada a tsinke ganyen duka. Masu kabewa sun fi kowa ganin amfanin abin. Furenta namiji daban, mace daban, in ƙwaro bai kwaso garin wannan ya kai wancan ba, 'ya'yan sai su yi rawaya su zube tun suna ƙanana. Gidajen da suka daina feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da fure ke buɗe, sun ce zubewar ta ragu.

Mun kuma ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a inuwa, don ƙudan ya sha bai nutse ba. A riƙa sauya ruwan saboda sauro.

Inda aiki ya rage shi ne rani. Daga hunturu zuwa bazara lambuna sun bushe, a lokacin kuwa kaɗanya da ɗorawa ne ke ciyar da ƙudan, su ne kuma ake ta sarewa don gawayi da filayen gini. Wannan yana damun kwamiti ƙwarai. Saboda haka baɗi za mu rena dashen ɗorawa, magarya da lalle, mu kuma nemi shawarar masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Duk wanda irinsa ya bushe, ya kawo wa sakatare a ƙunshin takarda kafin taro na gaba, da sunan shukar a rubuce. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya, da shi za a sayi ledar reno.

Sakatare, a madadin kwamiti