Rahoton Shekara na Kwamitin Bunƙasa Kalmomin Turanci ga Ɗaliban Babbar Sakandare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai mambobin ƙungiya. Ga bayanin abin da kwamitin ya gudanar a shekarar karatun da ta ƙare.

Aikin bana ya tsaya kan 'yan SS1 zuwa SS3, tunda su ne WAEC da NECO da JAMB ke jira. A takardar zaɓi-ka-cika ta Turancin WAEC, rabin tambayoyi 80 na kalmomi ne zalla. Kwamitin ya dogara da jerin kalmomin karatu da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalma 570 a rukuni 10. Rukunin farko na da kalma 60, irin su analyse, assume, evident da significant, waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan ilimi. An tsara kalma 10 a mako, wato rukuni guda a mako 6, biyu a zango.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana yanka kwali girman tafin hannu, a rubuta kalmar a gaba, a baya kuma ma'anarta da Hausa, da jimla ɗaya, da danginta: analyse, analysis, analytical. Kowane ɗalibi yana da ambulan uku. Ta farko ana duba ta kullum, ta biyu bayan kwana 3, ta uku ranar Juma'a. Katin da aka sani ya matsa gaba, wanda aka manta ya koma ambulan ta farko, ko da ya riga ya kai ta uku. Minti 10 kafin darasi ya isa.

Wajen cika katin ne aka fi cin tuntuɓe. Yara da yawa sukan kwafo ma'ana daga ƙamus da Turancin da ya fi kalmar kanta wuya, su haddace kamar karatu, ba tare da sun san inda za su saka ta ba. Ranar rubutun insha'i sai ka ga yaro ya jibga dogon Turanci inda bai dace ba, ya rubuta commence a wasiƙar da yake aika wa abokinsa. Mai maki ba ya ruɗuwa da wannan, kuma cikin maki 50 na insha'i, 20 na dacewar kalma da jimla ne. Shi ya sa daga zango na biyu aka hana karɓar katin da ba shi da jimlar da ɗalibin ya ƙirƙira da kansa.

Matsala ta biyu daga harshenmu take tasowa, kuma ba laifin yaran ba ne. Hausa na cewa a sha magani, sai su ce drink medicine maimakon take. Muna jin wari, sai su ce hear. "Ara mini biro" ya zama borrow me, alhali lend ake nufi. Maganinsa koyar da kalma tare da abokiyar tafiyarta: make a decision, heavy rain, draw a conclusion.

An kuma yi darussan saiwar kalma. Wanda ya gane port na nufin ɗauka, ba zai sha wahalar export, import da portable ba.

Inda aka gaza shi ne karatun nishaɗi: littattafai sun yi kaɗan, kuma kalmar da ba a sake haɗuwa da ita cikin labari takan gudu bayan hutu. A baɗi za a fara kowane zango da mako guda na maimaici kafin a shiga sabon rukuni. Ana roƙon duk mamban da ke da tsofaffin jaridun Turanci ko littattafan labari ya miƙa wa sakatare kafin a koma makaranta, waɗanda ake bin kuɗin wata kuma su biya, domin da su ake sayen kwali da ambulan.